Gwiwar Lawali Dogo

Wani daga cikinku, ba zan kama suna ba don ya san kansa, ya tsaya a kaina ran nan a bakin fili ina ɗaure wa ɗan wasa idon sawu, ya ce da abokinsa wai dama aikin Baba Sabi'u ke nan, ai ko ƙaninsa zai iya. Ni kuwa na ci gaba da ɗauri, almakashi a bakina. Da na gama na miƙa masa filasta na ce ga ɗaya ƙafar. Ya naɗa, ya ƙara naɗawa, har ƙafar ta koma kamar dilar kayan da za a loda zuwa Kano. Mai ƙafa ya tashi ya taka, yatsunsa suka soma canza launi, ya ce a kwance masa tun ba a kai ga yanke ta ba. Tunda haka ne, ku gyara zama in ba ku labarin sana'ar.

Ga wanda bai taɓa zuwa fili ba, ƙwallon 'yan Ostareliya ba irin tamu ba ce. Ita kanta ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, in ta faɗi ƙasa ba wanda ya san inda za ta nufa. Ana cafe ta da hannu, a naushe ta zuwa ga ɗan'uwa, a buge ta da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen turaku. Ana kokawa, ana bangaje juna, kuma halal ne ka taka gadon bayan mutum ka yi sama ka cafe. Farkon wasa alƙali yakan cilla ƙwallon sama a tsakiyar fili, mafi tsawo a kowane ɓangare su rugo su yi tsalle, gwiwa a gaba. Kulob ɗinmu a nan Guangzhou ba na ƙwararru ba ne. Malaman makaranta ne 'yan Ostareliya, da ɗaliban jami'a 'yan China, da namu 'yan kasuwa da aka jawo saboda tsawo. Duk wanda ya karye ranar Asabar, Litinin aiki na jiransa.

Ni sarin wandon jins ya kawo ni ƙasar nan. Ina zirga-zirga a Xintang wata rana na sunkuya ɗaga buhun samfur, baya ya riƙe. Mai masana'antar, laoban ɗina, wato maigidana na lokacin, ya ce surukinsa Bature ne kuma ya iya hannu. Shi ne Baba Les, tsoho mai gajeren wando, wanda ya yi rayuwarsa yana ɗaure ƙafafun 'yan wasa a wani ƙauyensu kafin ya biyo matarsa nan. Ya miƙar mini da baya, ya dubi hannuwana ya ce sun yi girman da bai kamata a bar su ga ƙirga wanduna ba. Na ɗauka wasa ne. Asabar ɗin da ta biyo baya sai ga ni a fili ina ɗauke da kular ƙanƙara.

Kakar wasa ta farko ban taɓa ƙafar kowa ba. Yaga filasta nake koya, da yatsa, gutsure daidai da gutsure, in na karkace ya watsar ya ce sake. Daga nan ya ba ni ƙafar tebur na yi ta ɗaurewa, sannan tawa. Da ya yarda in taɓa mutane, masu lafiya ya fara ba ni. Kowa ya zo sai ya ce in kama gwiwarsa in ja ƙaurin gaba a hankali, in ji yadda jijiyar ciki take tsayar da shi cak. Cewarsa wanda bai san lafiyayyar gwiwa ba, ba zai gane lalatacciya ba. Kuma kullum yana maimaita mini cewa mu ba likitoci ba ne, aikinmu mu kare abin da ke da lafiya, mu kuma san lokacin da za mu ce a tafi asibiti. Da gwiwarsa shi ma ta gaji ya koma gida, ya bar mini jakarsa da gadon tausa mai naɗewa.

Jakar nan da kuke zama a kanta in na juya baya, abin da ke ciki ba yawa. Filasta mai tauri ta idon sawu, mai talewa ta kafaɗa, almakashi mai dakusasshen baki don kada a yanki fata, reza, man tausa, da gam na fesawa. Reza don Turawa ce, gashin ƙafarsu sai ka ce na tunkiya, in ba a aske ba ranar cire filasta har ƙofar fili ana jin ihunsu. Gam kuwa don garin nan ne. Kun san lokacin da bango ke gumi bayan hutun sabuwar shekararsu, tufafi su ƙi bushewa. A wannan lokacin kakarmu take farawa, kuma filasta ba ta kama jiƙaƙƙiyar fata. Sai an goge, an fesa, an jira ta yi danƙo. Mai gaggawa zai ga ɗaurinsa na rawa a cikin safa kafin a tafi hutun farko.

Masu zuwa gadona iri-iri ne. Bature yakan faɗi ciwonsa har da wanda ba ka tambaya ba, sai dai in kansa ne ya bugu, nan ne zai rantse maka lafiyarsa ƙalau alhali bai san sunan garin da yake ba. Ɗan China zai zo da tabon ƙaho a gadon baya reras, ya yarda ka yi masa komai amma ban da ruwan sanyi. Namu kuwa su ne wahala. Ka ga mutum yana jan ƙafa, ka tambaye shi, ya ce da sauƙi. Ƙashi na leƙowa, da sauƙi. Na daina tambayar namu da baki, hannu nake sa wa in dubi fuskar mutum.

Aikin da ba na son tunawa na Nura ne, ɗan Fagge, a shekarar da aka karɓe mana filin ciyawa muka koma na roba. Filin roba yana riƙe takalmi, jiki ya juya ƙafa ta ƙi. Shekarar nan gadona bai huta ba, kafaɗa, cinya, idon sawu, har akwai wasan da muka rasa adadi sai da abokan karawa suka ara mana mutane. Nura ya juya da gudu, ba wanda ya taɓa shi, na ji ƙas daga inda nake tsaye. Kafin mu kai shi bakin titi gwiwar ta cika fam. Jijiyar ciki ce ta tsinke, wadda ba ta haɗuwa sai an yi tiyata. Shi kuwa wakilin 'yan kasuwa ne, abincinsa a ƙafarsa yake, daga wannan bene zuwa wancan. Ya kasa ci gaba, ya tattara ya koma gida. Har yau yana zaune a shagon yayansa, in zai tashi sai ya dafa kanta. Daga kansa na riƙe abu guda. Gwiwar da ta kumbura nan take jini ne a cikinta, kuma galibi labarin ba daɗi. Wadda ta jira ta kumbura a hankali, akwai fata.

Bana muka shigo kaka da buri irin wanda ban taɓa gani ba. Mun dawo filin ciyawa, ɗaliban da muka raina sun ƙware, kuma muna da Lawali. Lawali Dogo mutumin Maraɗi ne, wakili a kasuwar Shahe, shi ke zaga benaye ya nemo wa alhazan garinsu riguna da kayan yara. In ya shiga jirgin ƙasa sai ya sunkuyar da kai. Shi ne mai tsallen tsakiyarmu, kuma tun da ya gane wasan ba a ƙara riga mu taɓa ƙwallon farko ba. Koci Daren, malamin lissafi ne a ranakun aiki, ya tara mu ya ce bana kofi ko ba komai. 'Yan wasa har sun fara gardamar wanda zai kwana da kofin a ɗakinsa. Ni dai na ce Allah Ya kai mu da ƙafafunmu.

A wasan gwaji na ƙarshe Lawali ya yi tsalle, ya sauko a kan ƙafa ɗaya, wani ya faɗo masa ta gefe. Ya kwanta yana riƙe da gwiwar dama. Na isa na tambaye shi ko ya ji ƙara, ya ce lahiya lau, da sauƙi. Na danna gefen gwiwar ta ciki, ya kusa cizon hannuna. Na so in ja ƙaurin in ji jijiyar ciki, amma ya ƙanƙame naman cinya saboda zafi, ban ji komai ba. Sai na zaunar da shi a bakin fili da ƙanƙara, ina kallon gwiwar har aka tashi wasa. Ba ta cika ba. Na naɗe ta da bandeji, na ba shi sandunan dogarawa, na sa shi a tasi. Na ce ya ɗora ƙafar a kan matashi, ƙanƙara kawai, kada zafi ya kusance ta, kada kowa ya murza, gobe in zo mu tafi asibiti. Ya ce to.

Da safe na hau masaukinsu a Sanyuanli. Tun daga matakala warin man zafi ya tare ni. Na tarar da Lawali kwance, gwiwar ta zama kabewa, fatar tana sheƙi, bandejina a rataye jikin ƙofa. Gefensa ga bokiti da tawul, ga Alhaji Mamman Sani zaune a kan darduma yana jan carbi. Alhaji dattijo ne, babban mai sayen kaya daga Maraɗi, abokin mahaifin Lawali, ya sauka a gidan yana jiran a haɗa masa kayan sallah. Bayan mun gaisa ya yi mini bayani da kansa, cikin jin daɗi. Ya ga yaro ya ɗora ƙanƙara a kan targaɗe, abin ya ba shi tausayi, ya sa aka tafasa ruwa ya gasa masa da kyau, ya murje da man zafi, sannan ya sa majiya ƙarfi biyu suka riƙe shi ya ja ƙafar don jijiya ta koma mazauninta.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba a yi wa dattijo faɗa a gaban yara. Na juya ga Lawali na tambaye shi ko bai ji abin da na ce ba.

"Na ji, Baba," in ji shi. "Amma mi zan ce ma Alhaji? Shi ya raɗa mini suna."

 Gashi da ruwan zafi ba mugun abu ba ne, da shi aka raine mu, kuma bayan kumburi ya lafa ni da kaina nakan sa a yi. Sai dai a kan sabon rauni zafi jini yake kira. Abin da ya fi damuna shi ne an ɓata mini sawu. Jiya gwiwar tana gaya mini akwai fata, yau ta koma sak irin ta Nura, kuma ban san ko tsinkewa ce ta cika ta ba ko ruwan zafin Alhaji, ko ma jan da aka yi ya ƙarasa abin da ya rage.

A asibiti likita ya taɓa ya girgiza kai, ya ce da wannan kumburi hannu ba zai gane komai ba, sai an shiga na'urar ɗaukar hoton ciki. Muka je wajen rajista na tambaya ko da gurbi yau, matar ta ce meyo, babu, sai mako mai zuwa. Muka dawo da takalmin gwiwa, abin da ake ɗaurawa ya tallafe ta, da umarni irin nawa, ƙanƙara da hutu. Wannan karon a gaban Alhaji na sa aka fassara, ya saurara ya ce to ai kowa da iliminsa.

Makon nan ya yi mini tsawo. Koci Daren yana bugo waya safe da yamma, yana lissafin wa zai tsaya a tsakiya in babu Lawali, kuma duk lissafin ba ya fita. 'Yan wasa suka daina maganar kofi. Ni ba kofi ne a gabana ba. Kayan sallah na shigowa, alhazan Maraɗi da Yamai na kan hanya, kuma wakilin da ba ya iya hawa bene a Shahe sunansa tsohon wakili. Lawali na da mata da 'ya'ya a gida, da ƙannen da yake ɗauke da karatunsu. Kullum nakan biya bayan la'asar in sauya masa bandeji, in same shi yana salla a kan kujerar roba, ƙafa a miƙe. Wata rana ina naɗa masa ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, wai mutumin Kanon nan da ake faɗi, yana tahiya yanzu? Na ce yana tafiya. Na ci gaba da naɗi.

Ranar karɓar sakamako Alhaji ya ce sai ya raka mu. Likita ya ɗora hoton a allo ya nuna wani baƙin zare da ya ratsa tsakiyar gwiwar, ya bi shi da biro daga sama har ƙasa. Wani ɗalibin kulob ɗinmu da ke mana tafinta ya ce jijiyar ciki na nan lafiya, ta gefe ce ta tale, kuma ita tana warkewa da kanta, ba tiyata, 'yan makonni cikin takalmin gwiwa. Na ce ya sake tambaya, ya sake, amsa ɗaya. Na ji daɗin da sai da na nemi kujera na zauna. Lawali ya rufe fuska da tafin hannu yana ta alhamdu lillahi. Alhaji kuwa ya gyara hula ya dube ni ya ce, "Malam Sabi'u, ka ga amfanin gashi da wuri." Na ce haka ne, Alhaji, Allah Ya saka da alheri. A ranar ko cewa ya yi shi ya halicci gwiwar ba zan yi musu ba.

To nan ne aikin da ba ku gani yake farawa. Kumburi ya sauka, cinya ta zube saboda rashin aiki, sai an gina ta daga farko. Matse naman cinya a kwance, ɗaga ƙafa a miƙe, tsayuwa a ƙafa ɗaya ido a rufe, keke, sannan gudu a miƙe ba juyi. Ya koma kasuwa da takalmin gwiwa, yana bin lif in akwai, abokansa na ɗaukar masa kaya. Yanzu kam na ce a kawo bokitin Alhaji, na gasa masa da hannuna kafin kowane motsa jiki.

Kaka ta buɗe babu shi, aka lallasa mu a wasan farko, aka ƙara a na biyu. Koci Daren ya ga Lawali na gudu a gefen fili, ya ja ni gefe ya ce in ɗaure gwiwar da kyau ya shiga ko rabin wasa ne. Lawali ma ya sa baki, wai ƙahwarsa ta warke sarai. Na ce da koci filasta ba jijiya ba ce. Gwiwar ba ta lanƙwashewa har ƙarshe, kuma mai tsalle da ba ya iya durƙusawa sosai, a saukowa zai karye. Muka yi ta ja-in-ja, ya ce to yaushe. Na ce ranar da na ga ya zauna a kan dugadugansa ba tare da ya yamutsa fuska ba. Ya tambaya a ina zan ga haka, na ce ina da wurin gani. Ya tafi yana gunaguni, amma mutumin kirki ne, bai sa shi ba.

Wata Juma'a muka haɗu da Lawali a ƙofar masallaci, na lura bai tsaya wajen kujerun da ake ajiye wa tsofaffi da marasa lafiya ba. Ya wuce cikin sahu, ni kuma na tsaya a sahun bayansa. Allah Ya yafe mini, rabin hankalina a kan gwiwar nan yake. Ya yi ruku'u, ya sauka ƙasa a hankali, hannu ya riga gwiwa. Ya ɗago ya zauna a kan ƙafarsa zama cikakke, bai karkace ba, bai miƙe ta gefe ba. Ya tashi raka'a ta biyu ba tare da ya dafa na kusa da shi ba. Liman ya sallame ina jin kamar an sauke mini dila daga ka.

Mutane suka fara watsewa, shi ya tayar da nafila. Ya kai goshi ƙasa ya ƙi ɗagowa. Na jira, sahu ya yi fili, masu naɗe tabarmi suka zo suka kewaye shi, yana nan. Na ce a raina shi ke nan gwiwa ta kulle, har na fara tunanin yadda za mu fitar da mutum mai wannan tsawo zuwa bakin titi. Can ya ɗago, ya ƙarasa sallarsa a natse, ya sallame. Na matsa kusa na sa hannu a kan gwiwar, ba zafi, ba kumburi. Na tambaye shi ko riƙewa ta yi.

Ya share ido da bakin riga. "A'a, Baba, ba ta riƙe ba. Goshina ne ya daɗe bai taɓa ƙasa ba."

Na ce ya zo fili gobe da wuri, a yi aski a fesa gam.